A duba ƙasan fadama kafin a bada izinin haƙar tsakuwa

Assalamu alaikum Edita, dan Allah ka bani ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi kira ga hukumomi kan maganar da ake ta yi a yankinmu, gefen kogin Challawa, cewa wasu masu tifa na neman a yanka musu fadama su riƙa ɗiban tsakuwa da yashi.

Duk wanda ya taɓa haƙa rijiya a fadama ya san yadda ƙasar take, daga sama baƙar laka ce mai danƙo wadda ambaliya ta daɗe tana shimfiɗawa, ita ke riƙe taki har tumatir da albasa su yi kyau, in ka ɗan nitsa sai ka tarar da yashi, can ƙasa kuma tsakuwa, sannan ka ci karo da dutse. To wannan yashi da tsakuwar da ake wa kallon kuɗi su ne rumbun ruwanmu, a cikinsu ruwan damina ke kwanciya, shi yasa a tsakiyar rani manomi zai soka bututu 'yan mita kaɗan ya tada inji ruwa ya fito. In katafila ta kwashe su ruwan zai gangara cikin ramin, rijiyoyin maƙwabta su ja baya, gaɓar kogi kuma ta fara zaftarewa tana cin gonakin mutanen da ko sisi basu karɓa ba.

Wasu na cewa ai kogi zai sake kawo wani yashin. Da can haka ne, amma tun da aka gama dam ɗin Challawa a 1992, kamar yadda aka yi na Tiga a kogin Kano a 1974, yawancin yashin a bayan dam yake tsayawa, abin da aka ɗiba ba lallai ya dawo ba.

Wallahi bamu ƙi gini ba, kowa na son bulo da kankare. Amma dokar tantance illar aiki ga muhalli ta 1992 tana nan, haka dokar ma'adinai ta 2007 da ta ce sai an yi yarjejeniya da mutanen gari. Muna roƙon ma'aikatar muhalli ta turo masana su haƙa ramukan gwaji, su auna kaurin lakar da zurfin ruwan a rani da damina, a karanta mana sakamakon da Hausa a ƙofar dagaci kafin kowa ya sa hannu.

Naku,
Wani manomin rani daga jihar Kano