Zuwa ga Dogo a Kumasi, kan zarton kusurwar da muka gwada

Assalamu alaikum Dogo,

Da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yaran shago. Ka yi shiru, na yi shiru, har Maigida ya fara tambaya ko faɗa muka yi. Na ce masa a'a, sidi ne ya sa ka manta lambar talakawa.

Abin da ya tashe ni rubutu shi ne injin nan da ka ishe mu da zancensa, zarton lantarki mai yanka kusurwa. Ƙanin Maigida ya sayo na hannu, ranar Asabar muka je shagonsa na bayan 'yan katakon Na'ibawa mu huɗu, kowa da guntun katakonsa a hammata kamar masu zuwa awon jariri.

Faifansa inci 10 ne, irin mai zamewa a kan sanduna biyu, saboda haka yana raba allo mai faɗin kusan ƙafa ɗaya in yankan miƙe ne. Wanda ba ya zamewa iyakarsa inci 5 zuwa 6, ka riƙe wannan tunda kai aikin kabad ya fi yawa a wurinka. Na Amurka ne, wutar 110 yake ci, sai da taransifoma. Yana jan wat 1,800 ko kusa da haka, amma lokacin tashi yana fizgar fiye da hakan, shi ya sa aka haɗa masa taransifoma mai 3,000. Ƙaramin janareton cajin waya kuwa ko tari ba zai sa shi yi ba.

Yankan farko kowa ya yi kabbara, santsi kamar an goge. Da aka haɗa firam mai kusurwa huɗu sai ga baki a buɗe a kwanar ƙarshe, har ashana za ta shiga. Mai injin ya fara rantsuwa cewa a kan 45 ya ajiye. Gaskiya ya faɗa, allurar da ke nuna digiri ce ke ƙarya. Firam yanka takwas ne, in kowane ya kauce da rabin digiri, digiri 4 kenan suka taru wuri ɗaya suna jiranka.

Ga gyaran. A zare wuta tukuna. A sauke faifan, a ɗora sukwaya, ma'aunin kusurwar digiri 90, tsakanin jikinsa da katangar da ake jingina katako, kuma jikin faifan za ta taɓa, kada ta hau haƙori, don haƙoran sun fi jiki kauri. In da haske a tsakani, a sassauta notocin katangar, a daidaita, a ƙulle, sannan a mayar da allura kan sifiri. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a yanka miƙaƙƙen katako gida biyu, a kifar da ɓari ɗaya, a haɗa bakunan a kan teburi. Duk kuskuren da ke akwai zai fito ninki biyu. Sau uku aka yi kafin bakin ya rufe ruf. Firam na biyu ko garin katako da gam ba a shafa masa ba, wanda kai ka san a wurinka wannan mu'ujiza ce.

Af, Ɗan'auta ya kai kuɗin gaisuwa, bayan Sallah za a sa rana. Har yanzu dai gadon amaryar yana nan ba ƙafa, wanzami ba ya son jarfa. Madaci kuma ya yi tsadar da mutane suka koma malaina, ita ma ɗanya ake sauke ta, ka haɗa yau, hunturu ya buɗe maka ita gobe.

To wannan ɗanyen katakon ma ya nuna halinsa a injin. Wanda ya lanƙwashe, doronsa ake jinginawa da katanga. In ka juya cikinsa, yana rabuwa zai matse faifan, injin ya yi tsalle. Mai zamewa kuma ba a jawo shi cikin katako: ka fito da kan zuwa gabanka, ka kunna ya kai ƙarfinsa, ka sauke, sannan ka tura baya. Kana gamawa ka saki makunni, ka bari faifan ya tsaya cak kafin ka ɗaga, in ba haka ba haƙori ya ɗauki guntun ya jefa. Ɗaya ya tashi ya bugi kwanon rufi, shayin Maigida ya ƙare a wando. Hannu kada ya matso faifan kusa da inci 6, guntun da bai kai haka ba a matse shi da matsewar injin ko a haƙura da shi.

Faifan da ya zo da shi haƙori 40 ne, yana tsattsage bakin fale-falen katako. An sa mai 80, yankan ya fito tas, sai dai ya fi son a bi shi a hankali, in ka danna sai ka ji ƙauri. In za ka sayi faifai a can, ka auna ramin tsakiya, na Amurka inci biyar bisa takwas ne, na Turai yawanci milimita 30. Kuma faifan yana cinye kusan milimita 3, a gefen da za a yar ake yanka, kada a bi tsakiyar layin fensir. Teburi mai gefe takwas a kan digiri 22.5 ake yanka shi, mai shida 30, wato ka raba 180 da yawan gefen.

Na ga takarda ta cika ban ma taɓo zancen kuɗin da ka tambaya ba, sai a waya. Ka gaida Hajiya, ka kuma turo goron da ka yi alkawari tun bara.

Naka,
abokin bencinka