Zuwa ga Uwata, malamar aji biyu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Uwata, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗan angon mamanki. Mu nan gida lafiya lau, sai dai gwiwar nan da ke tashi duk lokacin da hunturu ya kawo jiki.

Maganar da muka fara a waya ranar Lahadi ce ta sa na ɗauki biro. Kin san kunnena da waya ba sa shiri, rabin zancen iska ta kwashe, amma na ji daidai inda muryarki ta karye. Kin ce makarantar ɗaki huɗu ce, ɗaya iska ta yaye kwanonsa tun daminar bara. Ku biyar ne malamai har da hedimasta. Rajistarki yara 74, benci tara. Kika ce in nemi wanda na sani a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma a dawo da ke cikin gari. Na yi shiru, kika ɗauka fushi na yi. Ba fushi ba ne. Waɗanda na sani a ofishin nan wasu sun yi ritaya, wasu sun riga mu gidan gaskiya, amma ko da suna nan, akwai abin da nake so ki ji kafin in taka ƙofar kowa.

A watan Satumba na 1976 aka buɗe shirin UPE, zamanin mulkin soja na Obasanjo, aka ce kowane ɗan shekara shida ya shiga firamare kyauta. Yara suka fi ƙarfin azuzuwa, azuzuwa suka fi ƙarfin malamai, aka kwaso irinmu da ko gemu ba mu fara ba aka watsa ƙauyuka. Ni aka jefa ni wani ƙauye da sai ka sauka daga mota a bakin titi ka tura keke cikin yashi. Babu takardar haihuwa, don haka mai unguwa ya jero yara, kowa ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunnensa na ɗaya gefen. Wanda hannunsa ya kai, ya isa shiga aji ɗaya. Ajina gindin darbejiya ne, ƙararrawarmu tsohon wilin mota. To kin ga benci tara ba zai firgita ni ba, ko da yake abin kunya ne a ce bayan shekarun nan duka har yanzu muna ƙirga benci.

Abin da ya dame ni a zancenki shi ne da kika ce, cikin alfahari, yaranki sun iya karanta duk abin da kika rubuta a allo, suna ɗauka da murya ɗaya har ana ji daga bakin hanya. Nan gabana ya faɗi, domin ni ma na taɓa wannan alfaharin.

A shekarata ta biyu wani sufeto ya zo mana, dattijo mai ƙaramar murya, a kan babur. Na rubuta jimloli biyar a allo, na nuna da sanda, yara suka rera su tsaf kamar waƙar gaɗa. Ina jiran yabo. Sai ya karɓi allin daga hannuna, ya goge komai, ya rubuta kalma ɗaya tak, kaza, ya kira yaron da na fi ji da shi. Yaron ya dubi allo, ya dube ni, ya fara rera jimlar farko da aka goge. Sufeto bai yi mini faɗa a gaban yara ba. Da zai hau babur ya ce, malam, ka koya musu waƙa mai daɗi, saura karatu. Ran nan ko tuwo ban iya ci ba. Cikin yara sama da hamsin, da na bi su ɗaya-ɗaya a makon, huɗu ne kawai ke iya haɗa baƙi da wasali.

Don haka ga abin da nake roƙonki, ki fara shi ranar Litinin mai zuwa. Ki yanka kwali ƙanana, ki rubuta kalmomin da ba ki taɓa sa wa a allo ba: rake, tulu, gero, masara. Lokacin tara, ki riƙa kiran yara biyar-biyar, kowa shi kaɗai, ba a gaban 'yan'uwansa ba. Ki ja layi uku a bayan littafinki: wanda ya karanta, wanda ya san haruffa amma bai iya haɗawa, da wanda bai san komai ba tukuna. Cikin mako uku kin gama da su duka. Abin da za ki gani zai ɓata miki rai, na sani. Amma gara ki gani yanzu da a gano shi a aji shida ana shirin jarrabawar shiga sakandare, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma sa'arki ɗaya, Hausa ba ta da wuyar karatu. Wasula biyar ne, kuma galibi yadda aka faɗi kalma haka ake rubuta ta. Yaron da ya riƙe ba, be, bi, bo, bu, ya riƙe ka, ke, ki, ko, ku, ya riga ya mallaki baki da biki da kuka da kabu-kabu ma in ya ga dama. Kada ki sa su haddace haruffa daga farko zuwa ƙarshe kafin su fara haɗawa. Ki ba su baƙi uku ko huɗu, su gina kalma da su a ranar, su ji daɗin cewa alamar nan ta yi magana. Masu ƙugiya kuwa ki ba su haƙƙinsu tun da wuri. Ki rubuta kafa da ƙafa, daka da ɗaka, bari da ɓari, ki bar su su yi dariya, dariyar ce za ta riƙe musu bambancin. Akwai inda boko ya gaza, ba ya nuna jan wasali ko karin sauti, shi ya sa gari na zama da gari na tuwo suke fita iri ɗaya a takarda. Wannan kada ya dame ki, jimla ce ke raba su, kuma yaro Bahaushe ba zai tuƙa tuwo da Zariya ba.

Wani abu da na daɗe ban gane ba: yawancin yaran nan ba da hannu wofi suke zuwa miki ba. Wanda ya yi babbaƙu da farfaru a makarantar allo ya riga ya san babban sirrin, wato baƙi shi kaɗai ba ya motsi sai an sa masa wasali. Ya san wasali bisa, wasali ƙasa da rufu'a. In kika ce masa wannan ita ce ba ɗin da ka sani a allo, sai dai a nan daga hagu ake farawa kuma wasalin a gefe yake zama, kin rage masa rabin tafiya. Mu a zamaninmu mun yi wauta, muna ɗaukar kanmu kishiyoyin malamin allo, shi ma yana kallonmu a 'yan boko masu ɗan wando. Ki sa maigidanki ya raka ki ku gaishe da malamin garin. Ki tambaye shi lokacin da yake tashin yara da safe. Sau da yawa makarar da kike bugun yaro a kanta, daga can aka sallame shi a makare, kuma magana ɗaya ta girmamawa tana gyara abin.

Za a matsa miki da maganar Turanci, na sani. Uba zai zo ya ce ɗan maƙwabcinsa da ke makarantar kuɗi a Sabon Gari yana gaishe shi da Turanci, nasa kuwa shiru. A zamanin aikina, tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi a koyar da ƙananan azuzuwa da harshen da yaro ya tashi da shi, Turanci ya zama darasi guda, sai daga aji huɗu a juya. Ba kowa ya bi ba. Abin da idona ya gani shi ne, yaron da ya iya karanta Hausa sosai yakan kama Turanci da sauri, don ya san me ake nufi da karatu. Wanda aka fara wa da Turancin da ba ya ji kuwa yakan fita aji shida ba wan ba ƙanen. Kada ki yi gardama da uban. Ki bari sai ɗansa ya iya, ki ba yaron 'yar takarda ya kai gida ya karanta masa da bakinsa. A garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, daga nan kuma aka riƙa buga takardun yaƙi da jahilci da kakanki ya koyi karatu da su yana da mata biyu. Ba a Zariya za a ce karatun Hausa ba karatu ba ne.

Lissafi ba zan tsawaita ba, kin fi ni sanin sababbin dabaru. Abu ɗaya kawai: ki lura da 'yan matan da ke talla. Yarinyar da ke sayar da awara za ta ba ka canjin 500 ba ta yi kuskuren naira ɗaya ba, amma ka rubuta mata 50 a cire 35 a allo sai ta tsaya tana cizon fensir. Lissafin yana kanta, alamar ce baƙuwa. Ki sa a tara miki marafan kwalba da tsakuwa da karan dawa, ki buɗe kasuwa a tsakiyar aji, ita ce mai kanti.

Yanzu maganar rajista. 74 a takarda, amma nawa ke zuwa? Zangon farko yana faɗawa daidai kaka, ana karyar masara ana yankan shinkafa, manyan yara maza za su ɓace. Ranar kasuwa 'yan mata za su ragu. Da sanyi ya tsananta ƙananan ba sa fitowa sai rana ta ɗaga. Kin tuna 2016, da gwamnatin jihar Kaduna ta fara ciyar da 'yan firamare, yadda azuzuwa suka cika har waje? Wannan ya nuna miki cewa wani rashin zuwan ba ƙin karatu ba ne, ciki ne. Kafin ki ɗaga bulala a kan yaron da ke gyangyaɗi, ki tambaye shi ko ya karya. Ni na yi duka a ƙuruciyata fiye da yadda nake so in tuna, ban kuma san yaro ko ɗaya da bulalata ta koya wa haɗa baƙi ba. Ta dai koya musu zama can baya inda idona ba ya kaiwa.

A nan kina da abin da ban taɓa samu ba cikin shekara 35 da na yi ina aikin nan. Ni in yarinya ta daina zuwa, iyakata zaure. In yi sallama, maigida ya fito, mu gaisa, ya ce insha Allahu gobe za ta zo, in koma. Wadda ke yanke hukuncin tallan tana ciki, ban taɓa ganinta ba. Ke kuwa babu gidan da za a ce miki ba a shiga. Ki je suna, ki je barka, ki je gaisuwar rasuwa, ki zauna a tabarma ki sha kunu. Kada ki shiga da wa'azi, ba su rasa masu yi musu ba. In uwa ta ce ba za ta iya sakin tallan ba don da shi ake tara kayan ɗaki, gaskiya ta faɗa. Ki nemi a mayar da shi bayan an tashi, ko a bar miki yarinyar kwana huɗu a mako. Kwana huɗu ya fi babu. Kwamitin iyaye da ke kula da makaranta ma ta wajen matan nan za ki motsa shi, kuma kwanon ɗakin da ya yaye zai fi saurin komawa ta hannun mai unguwa da 'yan kwamiti fiye da jiran fayil.

Hedimasta ki girmama shi ko da kin fi shi takarda. In kika ga abokin aiki yana sa hannu ya wuce gona ko kasuwa, ba ke aka naɗa mai gadi ba, amma kada ki saba. Shirin darasinki ki rubuta da hannunki, kada ki kwafi na bara. Kuma ki ci gaba da karatu don kanki. Kin ga abin da ya faru a 2017, da aka yi wa malaman firamare na jihar nan jarrabawa, sama da 21,000 suka rasa aikinsu. An yi ta cece-kuce a kan yadda aka yi ta, ni ma ina da nawa ra'ayin, amma cikin waɗanda abin ya shafa na san wasu da tun ranar da suka karɓi satifiket ba su sake buɗe littafi ba. Takardarki ta malanta, NCE, mafari ce. Ga jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da Kongo, tun 1962 take nan, ba ta gudu ba.

Maganar dawowa gari, ga abin da na yanke. Ki ba ni zuwa ƙarshen zango na uku. Ranar da za a ba da hutu ki sake fito da kwalayen nan, ki sake jan layi uku, ki kawo mini takardun biyu, ta farko da ta ƙarshe, mu zauna a zaure mu duba. In bayan haka har yanzu kina son canji, ni da kaina zan sa babbar riga in hau Keke Napep in je ofishin, ko da sandata.

Na ba direban da ke bi ta wajenku ranar Alhamis ɗan kwali. Akwai alli fakiti uku, da tsofaffin katunan haruffana da mamanki ta so ta hura wuta da su bara na hana, sai dai ƙ da ts sun ɓata, ki yanka sababbi. Daddawar da kukar da ke ƙasa nata ne, ta ce ki dawo mata da robar. Ki gaishe da maigidanki, ki ce masa ina jiran raken da ya yi alkawari.

Allah ya yi miki albarka.

Naki,
Baba
Ƙofar Doka, Zariya