Ashe kafso ja da yalo daga ƙasa ya fito

Edita, assalamu alaikum. A ba ni ɗan fili in faɗi abin da 'yata ta koya mini da furfurata.

Shekara 19 ina sayar da magani a Agege. Kwanakin baya yarinyar nan, wadda ke ajin ƙarshe a jami'a, ta tsugunna bayan gida tana kwasar ƙasa da cokali tana zubawa a leda. Mahaifiyarta har ta fara salati. Ashe aikin kammala karatu ne, na neman sabon magani daga ƙasa. Ta ce dama ƙasar ake yi da ruwa, a yi ta sirkawa, a shafa a faranti mai abincin ƙwayoyin halitta, a rufe a jira. Da aikin ya yi nisa ta nuna mini hoto a waya: wani ɗigo kamar garin alli, kewayensa fes, ƙwayoyin cutar da ta shuka sun kasa matsowa. Wannan filin ake nema. Daga nan sai a tace sinadarin da ɗigon ke fitarwa, wanda ya hana su matsowa, a duba ko sabo ne, kuma galibi, in ji ta, wani ya riga ka.

Sunan halittar da ta yi ɗigon Streptomyces. Ita ce ma ke kawo ƙamshin nan na ruwan farko, wanda duk ɗan Arewa da ke Legas yake kewa. Daga irinta Albert Schatz da malaminsa Selman Waksman suka samo streptomycin a Amurka a 1943, maganin farko da ya iya da tarin fuka. Chloramphenicol daga turɓayar Benezuwela aka samo shi, erythromycin daga ta Filifin. Tetracycline, kafsonmu ja da yalo, shi ma ɗan gidan ne.

Nan jikina ya yi sanyi. Sau nawa na ɓalle guda biyu na miƙa wa mai gudawa ya juye a koko? Ta ce: "Baba, ba kashe ƙwayoyin cutar kake yi ba, horar da su kake yi." Masu rauni su mutu, masu taurin kai su hayayyafa, ran da ciwo ya yi tsanani maganin ya ƙi ci.

Na daina, kuma ina roƙon 'yan uwana masu kemis su daina. Jiya wani mai tura baro ya zo neman guda biyu, na ba shi ruwan gishiri da sukari na ce ya je asibiti. Ya yi tsaki, ya shige shagon gaba.

Mai shagon magani,
Agege, Legas