Gyara kan sharhinku na fim ɗin Finlan na 1955

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na ji daɗi da shafinku na fina-finai ya bar Indiya da Amurka na mako guda ya leƙa Finlan, har ya taɓo Tuntematon sotilas, wato "Sojan da Ba a San Shi Ba", wanda Edvin Laine ya ba da umarni a 1955. Sai dai mai sharhin naku ya haɗa yaƙi biyu ya dama su wuri ɗaya, kuma hakan ya karkatar da ma'anar fim ɗin.

Ya ce labarin ƙaramar ƙasa ne da Tarayyar Sobiyet ta auka wa, ita kuma ta kare kanta. Wannan ai Yaƙin Hunturu ke nan, daga Nuwamba 1939 zuwa Maris 1940. Fim ɗin kuwa a kan yaƙin da ya biyo baya yake, daga Yuni 1941 zuwa Satumba 1944, lokacin da Finlan ta yi faɗa a ɓangare ɗaya da Jamus ta Hitila. Ta ƙwato yankin Kareliya da ta rasa a Yaƙin Hunturu, ta kuma zarce tsohuwar iyaka har ta kama birnin Petrozavodsk na Sobiyet. Shi ya sa a cikin fim ɗin za ka ji sojoji suna gunaguni da suka isa tsohuwar iyakar, suna cewa haƙƙinsu ya ƙare a nan. Wanda ya ɗauka Yaƙin Hunturu yake kallo, ta yaya zai gane wannan gunagunin?

Sannan kiran sa "fim ɗin jarumta" bai zauna mini ba. Väinö Linna, wanda daga littafinsa na 1954 aka ɗauko labarin, leburan masaƙa ne a Tampere, kuma shi kansa ya yi wannan yaƙin a rukunin masu mashinga. Sojojinsa 'yan ƙauye ne da 'yan ƙwadago, kowa da karin harshen garinsu. Yunwa suke ji, suna satar abinci, suna zagin hafsoshi a bayan idonsu. Akwai wurin da suka haɗa giya a tukwanen girki suka bugu tilis ranar bikin haihuwar Marshal Mannerheim, babban kwamandan sojojin Finlan. Dubi Rokka, manomin Kareliya da ya rasa gonarsa: ba wanda ya kai shi iya harbi, amma ya ƙi sara wa Laftanar Lammio, don a ganinsa faɗa ya kawo shi, ba fareti ba. Koskela kuma, ɗan talakan da ya zama hafsa, bai ɗaga wa kowa murya, shi ne kuma yaran suke bi. Wata mai sharhi a jaridar Helsingin Sanomat ta soki littafin da cewa daga ƙasa yake kallon yaƙi, irin kallon kwaɗo. Jama'a kuwa abin da suke so ke nan. Kimanin tikiti miliyan 2.8 aka sayar a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan huɗu da 'yan kai ba, kuma har yau ba fim ɗin Finlan da ya kamo shi.

Lokacin fitowarsa ma abin lura ne. A Disamba 1955 sojojin Sobiyet na nan zaune a sansanin Porkkala, kusa da Helsinki, sai farkon 1956 suka tashi. Diyyar yaƙi ma a 1952 Finlan ta gama biyan Sobiyet.

Ba ina cewa fim ɗin ba shi da aibi ba. Laine ya sassauta zafin littafin, ya ƙara barkwanci, ya kuma ɗora kiɗan Finlandia na Sibelius wanda ke sa mai kallo jin alfahari ko da an sha kashi. Bajamushe da ƙyar ake jin ɗuriyarsa, sansanonin da aka tsare fararen hula Rashawa a Petrozavodsk kuwa ko tari ba a yi a kansu ba. Da mai sharhinku nan ya nufa da alƙalaminsa, da na tafa masa.

An sake yin fim ɗin a 1985 da 2017, amma na Laine mai baƙi da fari shi ne gidan talbijin na Yle ke sakawa kowace ranar 6 ga Disamba, ranar 'yancin kan ƙasar. Ina roƙon ku buga gyaran shekarun yaƙin a fitowa ta gaba, don akwai ɗaliban tarihi a cikin masu karanta shafin.

Na gode.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya