Wasiƙa daga Gashuwa: Labarin Motarmu

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk 'yan uwa na zangon Kumasi. Mu nan Gashuwa lafiya lau. Kaka ta yi, sabon gero ya shigo kasuwa, hunturu ya fara leƙowa da asuba.

Ka tambaye ni labarin Land Cruiser ɗin da ka bar mini. Har gobe motarmu nake ce mata. Injinta kam sai godiya, 1HZ ɗin nan mai silinda shida, lita 4.2, bugu ɗaya yake tashi. Ciwon daga ƙasa ya ɓullo.

Tun tsakiyar damina, a hanyar Yusufari, na fara jin wani ƙwas-ƙwas daga gaba duk sa'ad da taya ta faɗa rami. Na ɗauka shokoba ce, na ce sai bayan girbi. Daga baya in na hau kwalta na kai gudun kilomita 80, sai sitiyari ya kama karkarwa a hannuna, motar tana yawo kamar ba ni ke riƙe da ita ba. Tayoyin gaba suka cinye ta gefe guda. Ranar da hankalina ya tashi, mun taso daga kasuwa da buhuna da mutum shida a baya, tunkiya ta gitta, na taka birki, motar ta fizge hagu har taya ɗaya ta sauka daga titi. Allah ya tsare. A daren ban yi barci ba, ina ta tunanin mutanen nan da suka ba ni amanar rayukansu.

Washegari na kai ta wurin dattijon bakaniken nan namu. Bai taɓa sifana ba. Ya sa ta kan rami, ya ɗauki liba ya zura tsakanin hannun da ke riƙe da aksul (ƙarfen da ya haɗa tayoyin gaba biyu) da mazauninsa, ya ɗan banƙara, ya ce, "Alhaji, sauko ka gani da idonka." Hannun yana wasa a fili. Robar bushin, wato zoben da ke cikin idon hannun yana shanye jijjiga, ta tsattsage kamar ƙasar fadama a bazara, ɗaya ma ta rabu da bututun ƙarfen da ke tsakiyarta. Ta gefen da mai ke ɗiga daga inji kuwa ta kumbura ta yi laushi, yatsa na shiga.

Ka san irin tamu, tun daga 1999 Toyota ta daina sa mata sifirin mai falle-falle a gaba, ta koma mai murɗi. Shi kuwa mai murɗi nauyi kawai yake ɗauka, ba ya riƙe aksul. Hannaye biyu ke wannan aikin, kowanne da bushin uku, biyu wajen aksul, ɗaya wajen shasi, sai sandar da ta gitta tana hana aksul zamewa gefe, ita ma da nata biyu. Takwas ke nan, kuma a kansu gaban motar gaba ɗaya ya dogara. Muka canja su duka, muka haɗa da na idon sifirin baya da maratayansa.

Wajen saye na tsaya na yi tunani. Akwai masu taurin nan, ja ko rawaya, da samari ke yabo. Mai ba ya cin su, gaskiya ne, amma sai da giris suke zaman lafiya, kuma a rairayinmu giris da yashi in suka haɗu sun zama dutsen wasa wuƙa. Ga su ba sa lanƙwasa yadda taya za ta bi tudu da kwari. Na aika Kano, Ƙofar Ruwa, aka kawo mini na roba na asali. Sun fi tsada, ban yi nadama ba.

Fitar da tsofaffin ya ci mana yini guda. Yaron gareji ya so ya cinna wa robar wuta, dattijo ya hana, ya ce zafi yana ɓata ƙarfen hannun. Da injin matsi aka turo su, banda ɗaya da tsatsa ta haɗe shi da mazauni, sai da aka yanke bututunsa na waje da zarto, a hankali, kada a ji wa ramin ciwo. Kafin a cire kowanne sai ya shafa fenti ya yi alama, don robar tana da tsagi, kuma tsagin yana da inda yake fuskanta.

Abin da ya sa na zauna rubuta maka shi ne wannan. Da aka gama ɗaurawa, bai yarda a tamke noti ko ɗaya ba motar tana kan jak. Ya sa aka kama su sama-sama, aka sauke ta tayoyi suka taka ƙasa, muka hau baya muka jijjiga ta ta zauna da nauyinta, sannan ya shiga rami ya tamke. Dalili kuwa, robar a manne take da bututunta, ba juyawa take yi ba, murɗewa take yi. In aka tamke aksul na reto, da an sauke motar robar ta murɗe ke nan, haka za ta zauna dare da rana har ta yage. Nan na tuna wancan canjin da aka yi mana cikin gaggawa kafin tafiyarka, a kan jak aka tamke komai muna tsaye muna kallo. Shi ya sa ba su daɗe ba.

Na sa sababbin tayoyin gaba, aka yi alaimen, aka toshe ɗigon man. Jiya na je Yusufari na dawo, shiru kake ji, sitiyari ya tsaya cak a hannu.

In har yanzu kana tuƙa Hilux ɗin maigidanka zuwa Tamale, don Allah ka sa a zura mata liba a duba, kuma ka tsaya da kanka ranar tamkewa. Hajiya tana gaishe ka, tana tambaya ko za ka zo mana da babbar Sallah. Ka gaida uwargida da yara.

Wassalam,
Amininka na Gashuwa