A Auna Malami da Inda Ya Tarar da Yaro

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka in yi magana kan abin da ake nema daga malaman firamare game da yaran da karatu ya yi wa nauyi.

Duk shekarar da sakamakon jarrabawar shiga sakandare ya lalace, malamin aji shida ake fara tuhuma, ba a tambayar halin da ya karɓi yaran a ciki. Tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, amma a makarantun gwamnati da dama a Arewa za ka tarar da yara sama da 100 a aji guda, wasunsu a ƙasa suke zaune. Cikinsu akwai wanda ya iso aji biyar bai iya haɗa baƙi da wasali ba, domin kowace shekara ciyar da shi gaba ake yi, ya iya ko bai iya ba. Ga yarinyar da talla ke cinye mata ranakun kasuwa, ga yaron da gona ke ɗaukewa duk damina. Sai a miƙa wa malam manhaja da Turanci a ce ya gama ta kafin ƙarshen zango. Ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba kowa nake wankewa ba. A 2017 gwamnatin Kaduna ta sallami malamai sama da 21,000 da suka faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu. Malamin da bai san abin da zai koyar ba, ko wanda ba ya zuwa aiki, a hukunta shi. Amma mai ƙoƙari fa? Idan ya karɓi yaro bai san harafi ba, ya kai shi ga karanta jimla da Hausa cikin shekara, wallahi ya yi aiki, ko da yaron ya faɗi jarrabawar aji.

Hanyar ma ba ɓoyayya ba ce. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da salon raba yara bisa abin da suka iya maimakon shekarunsu, a ba su ɗan lokaci kullum kan karatu da lissafi kawai, kuma an gwada shi a Borno. Shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato shi ma da Hausa ya fara da yara.

Ina kira ga hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi, wato SUBEB, su sa a gwada karatun kowane yaro a farkon zango da ƙarshensa. Sufeto idan ya zo, wannan tazarar ya duba kafin ya buɗe littafin tsara darasi. A kuma ware awa guda kullum domin waɗanda aka bari a baya, ba tare da an ce malam ya saki manhaja ba.

Naka,
Wani malamin firamare, Gusau