Wasiƙa Daga Bakin Gini

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina fata ruwan saman Fatakwal bai wanke maka ɗan sauran Zazzagancin da ka tafi da shi ba. Na san ka ƙullace ni saboda shirun da na yi, to ga uzurina: ranar Asabar da ta wuce aka zuba dekin, wato kankaren da bene ke hawa a kai, a gidan nan da nake ginawa, kuma kafin ranar ko sallamar kirki ba na iya amsawa.

Ka tambaye ni nawa ya kamata ka tanada kafin ka taɓa filinka na Zariya. Zan zo kan wannan, amma bari in fara gaya maka cewa abin da ya fi cin raina a aikin nan ba kuɗi ba ne, tsara wanda zai shiga bayan wani ne. Kafin a zuba kankare ko kwano ɗaya, sai kafinta ya shimfiɗa katako ya kafa tokara a ƙarƙashi, mai rodi ya ɗaure rodinsa, mai wayarin ya bi tsakanin rodin da bututunsa ya kafa gurbin kowane ƙwan fitila da fanka, mai famfo ya bar hanyar bututun banɗakin sama, sannan injiniya ya hau ya duba. Idan ɗaya daga cikinsu ya makara aka zuba babu shi, gobe da guduma za a fasa abin da aka kashe dukiya a kansa. Kowannensu gwani ne a sana'arsa, amma babu wanda ya ɗauki jiran ɗan'uwansa a matsayin aikinsa, wannan nauyin mai gida ne.

Mai wayarin namu ya karɓi wani aikin a wata unguwa bai faɗa wa kowa ba, alhali an riga an yi wa leburori alkawarin Asabar, an kuma biya hayar injin kwaɓa kankare. Sai daren Alhamis ya bayyana, shi da yaronsa, suka yi aikin da fitilar waya a baki. Da gari ya waye injiniya ya tarar sun tattake rodin sama ya kwanta a kan na ƙasa, 'yan biskit ɗin siminti da ake sawa don ɗaga rodi daga katako kuwa duk sun goce. Ya ce ba za a zuba ba sai an gyara, domin rodin da kankare bai lulluɓe shi ba tsatsa ce za ta cinye shi. Mai rodi ya yi rantsuwa ba zai sake taɓawa ba, sai da birkila, wanda shi ne dattijon wurin, ya ja shi gefe.

Yanzu kuma rigimar ban ruwa ake yi. A zafin Afrilun Kano kankare yana saurin bushewa ya tsattsage, saboda haka safe da yamma ake jiƙa shi, aƙalla mako guda, kuma mun rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna. Kankare ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai bayan kwana 28, injiniya ya ce kada a cire tokara kafin kwana 21, shi kuwa kafinta yana son katakonsa don wani aikin da ya karɓa. Abin da ya riƙe shi kawai shi ne cikon kuɗinsa yana hannuna. Ka riƙe wannan da kyau, tunda ku Zagezagi akwai saurin buɗe bakin aljihu idan aka kira ku Alhaji: a biya kowa mataki-mataki, a rubuta a littafi, ya sa hannu.

Kaya da kaina nake saye. Rodi daga Ƙofar Ruwa, kuma sai na sa an auna kaurinsa a gabana, domin ba duk abin da aka kira milimita 12 ne yake cika ba. Katako daga Na'ibawa. Siminti kuwa, tun da buhu ya haura naira dubu 10 a watan Fabrairun 2024 mutane suka koma tara shi, amma ba ya son ajiya, danshi na taɓa shi zai dunƙule, don haka nake ɗaukar na mataki ɗaya kawai in jera a kan katako.

Uwargida ta zo ganin aiki jiya, ta ce tagar kicin ta yi mata ƙanƙanta kuma tana son ta koma gabas. Na nuna mata zanen da ita kanta ta amince da shi kafin a kai KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano, ta ce ai takarda ba ta hayaƙi. Birkila dai dariya ya yi, ya ce a ƙara masa kuɗin linta, wato kankaren da ake zubawa a saman taga da ƙofa. Wannan ya tuna mini, kada ka bari a haƙa maka harsashi kafin takardar filinka ta fito daga KADGIS, hukumar filaye ta Jihar Kaduna, izinin gini kuma daga KASUPDA, hukumar tsara biranen jihar.

Damuwata yanzu ita ce damina. Sai an cire tokara, an ɗora bulon sama, an zuba linta, kafinta ya dawo ya kafa katakon rufi, sannan a buga kwano, kuma ina so duk a gama kafin ruwa ya kankama a Yuli, domin Agusta ba wata ne na gida marar rufi ba. Filasta da tayil da silin su jira, ba gudu za su yi ba.

Ka aiko mini da zanen gidan naka in nuna wa injiniyanmu, sannan in gaya maka nawa za ka tanada, ka kuma gaya mini ko ƙanen naka zai iya tsayawa a wurin kullum, don idan ta waya kake shirin gudanar da aikin daga Fatakwal, gara ka dakata tukuna. Ka gaida Hajiya da yara.

Wassalam,
Naka, amininka na Kano.